Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Gwamnatocin Da Suka Watsa Bama-bamai Masu 'Ya'ya: Ku Dawo Ku Kwashe Abin Da Kuka Zubar

Ya ku masu girma shugabannin ƙasashe da ministocin tsaro,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ban rubuto muku don jin wanda ya fara harbi ko wanda ke da gaskiya a yaƙe-yaƙen da kuka yi ba, wannan shari'a ce da na bar wa masu ita. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne kayanku da kuka bari a gonakin mutane. Kun sa hannu a takardun tsagaita wuta, sojojinku sun koma gida, wasunsu har sun tsufa sun mutu, amma 'ya'yan bama-baman da suka watsa suna nan kwance cikin ciyawa da laka, suna jiran fartanya ko hannun yaro. An kashe maciji, ba a sare kansa ba.

Kun fi ni sanin yadda makamin yake, amma bari in faɗa saboda masu karanta wannan takarda tare da ku. Bam mai 'ya'ya babban ƙwanso ne da ake sakowa daga jirgi, ko a harbo shi da igwa ko roka. Kafin ya iso ƙasa sai ya buɗe a sararin sama, ya zazzago ƙananan bama-bamai, wani lokaci gomomi, wani lokaci ɗaruruwa, su bazu a fili mai faɗin filayen ƙwallo da yawa. An ƙera kowane ɗa ne don ya fashe da zarar ya bugi ƙasa. To, amma ƙasa ba siminti ba ce. Wanda ya faɗa cikin taɓo, ko yashi, ko dusar ƙanƙara, ko ya maƙale a reshen itace, sau da yawa ba ya samun bugun da zai tayar da shi. Haka idan matuƙin jirgi ya sako shi daga ƙasa-ƙasa, ko makamin ya daɗe a ma'ajiya. Sai ya kwanta a ɗane, kamar tarkon da ba wanda ya san inda aka kafa shi. Mai binne nakiya aƙalla yakan jera ta bisa tsari, wani lokaci har ya zana taswira. Wannan kuwa iska ce ta raba shi yadda ta ga dama.

Ku dubi Laos. Daga 1964 zuwa 1973 jiragen Amurka sun zubar da bama-bamai sama da tan miliyan 2 a wannan ƙaramar ƙasa, a sawu kusan 580,000. Idan aka raba, jirgi guda ke nan duk bayan minti 8, dare da rana, har shekara 9. A cikin abin da aka zubar akwai 'ya'yan bam kimanin miliyan 270, kuma an ƙiyasta cewa har kusan kashi 30 cikin 100 ba su fashe ba, wato wajen miliyan 80. Wanda ya fi yawa a cikinsu, mai lamba BLU-26, bai wuce girman ƙwallon tanis ba, cikinsa cike da ƙwayoyin boris waɗanda ke fantsama ko'ina idan ya tashi. Fiye da mutum 20,000 ya kashe ko ya raunata tare da sauran ragowar makamai bayan an daina yaƙin. A lardin Xieng Khouang mutane sun saba da tarkacen har sun mayar da shi kayan gida: ƙwanson bam ya zama ginshiƙin rumbu, ya zama tukunyar shuka albasa, wasu suna narka goran-ruwansa su ƙera cokula. Baƙi masu yawon buɗe ido sukan ɗauki hoton wannan su ce dabara ce. Ni abin da nake gani shi ne jikokin waɗanda aka yi wa ruwan wuta suna cin abinci da cokalin da aka ƙera daga abin da ya kashe kakanninsu.

Na kudancin Labanan ya fi tsaya mini a rai, saboda lokacin da aka zaɓa. A yaƙin 2006 Isra'ila ta harba 'ya'yan bam kimanin miliyan 4, kuma jami'an Majalisar Ɗinkin Duniya sun ƙiyasta cewa har kusan miliyan 1 ba su tashi ba. Jan Egeland, wanda ke shugabantar ayyukan jinƙai na Majalisar a lokacin, ya bayyana cewa kashi 90 cikin 100 na waɗannan hare-hare an kai su ne a sa'o'i 72 na ƙarshe, lokacin da kowa ya san an kusa tsagaita wuta. Ranar 14 ga Agusta bindigogi suka yi shiru, jama'a suka ɗora katifu a kan motoci suka nufi garuruwansu. Abin da suka tarar shi ne wasu ƙananan gwangwanaye masu girman batirin tocila, kowane da ɗan farin ƙyalle a kansa, a kan rufin ɗaki, a tsakar gida, cikin ɓaraguzan bango, a bakin hanya. Lokacin cirar taba ne, tsinkar zaitun kuma tana tafe. Ku ɗan tsaya ku kwatanta manomin da ya shiga gonarsa ta zaitun. Ya saba kallon ƙasa don gudun maciji, yanzu sai ya kalli ƙasa ya kuma kalli sama, domin wannan ɗan ƙyallen yakan sarƙe a reshe, abin ya yi ta lilo a tsakanin ganye. In ya girgiza reshen don 'ya'yan itacen su zubo, da wanne zai fara haɗuwa? In kuma ya bar gonar, da me zai ci da iyali har shekara ta zagayo?

Na san amsar da hafsoshinku suka saba bayarwa: wai na zamani ba kamar na da ba ne, ƙalilan ne ke ƙin fashewa. A Labanan ɗin an gwada wannan magana. Daga cikin abin da aka harba akwai samfurin M85 mai na'urar tarwatsa kansa, wanda aka yi ta tallarsa da cewa abin da ke ƙin tashi bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Da masana daga Nowe suka shiga filayen suka ƙirga, sai suka samu abin ya kai wajen kashi 10. Dalilin a bayyane yake. A filin gwaji ƙasa tana da tauri, makamin sabo ne, mai harbi kuma hankalinsa a kwance. A fagen daga babu ko ɗaya daga cikin ukun.

Amma mu ɗauka alƙalumanku daidai ne. A watan Yulin 2023, da Amurka ta yanke shawarar bai wa Yukiren harsasan igwa masu 'ya'ya, ma'aikatar tsaronta ta ce waɗanda ke ƙin fashewa ba su wuce kashi 2.35 cikin 100 ba. Harsashi samfurin M864 yana ɗauke da 'ya'ya 72. Ku buga lissafin da kanku: kowane harbi guda zai bar ɗaya ko biyu a ƙasa. Igwa kuwa ba sau ɗaya take harbi a yini ba. Gwamnatin Yukiren ta yi alƙawari a rubuce cewa za ta riƙa ajiye bayanin duk inda ta harba, don a samu sauƙin shara bayan yaƙi. Alƙawari ne mai kyau, muna kuma jiran ranar cika shi. Rasha, wadda ta watsa irin waɗannan makamai a garuruwan Yukiren tun farkon mamayar 2022, ciki har da tashar jirgin ƙasa ta Kramatorsk inda aka kashe kusan mutum 60 ranar 8 ga Afrilu, nauyin da ke wuyanta ya fi haka girma nesa ba kusa ba.

Wanda abin ke ci kuma an san shi. Ƙungiyoyin da ke ƙirga waɗanda bama-bamai masu 'ya'ya suka shafa sun nuna cewa a 2022 kashi 95 cikin 100 fararen hula ne, kuma a cikin waɗanda ragowar da ke ƙasa ta kashe ko ta raunata, yara sun kai kashi 71 inda aka san shekarunsu. Ba abin mamaki ba ne. Babba in ya ga baƙon ƙarfe yakan ja da baya, yaro kuwa ɗauka yake yi, ya kira 'yan'uwansa su zo su gani, shi ya sa fashewa guda takan kwashi uku ko huɗu daga gida ɗaya. A Afganistan a 2001 har abin ya zo da wani irin ganganci mai ban takaici: 'ya'yan bam samfurin BLU-97 rawaya ne, ƙunshin abincin agajin da jiragen Amurka ke jefawa shi ma rawaya ne. Sai da aka yi ta ƙorafi kafin a sauya launin ƙunshin abincin. Launin bam ɗin kuwa yana nan yadda yake a ƙasa.

Yanzu bari in kai ku inda ake sharar, domin ina zaton kaɗan ne daga cikinku suka taɓa tsayawa a wurin. Harbin roka guda bai fi 'yan daƙiƙu ba. Kwashe abin da ta zubar kuwa yakan fara ne da zama da mutanen ƙauye ana tambaya: ina akuya ta taɓa tashi da bam, ina aka rasa yaro, wace gona ce aka daina nomawa. Daga nan a yanka filin murabba'i-murabba'i, a Laos mita 50 kowane gefe, a bincika a ga wanne ne da gaske yake da cuta. Sai a kafa turaku, a ja igiya, a yi layi-layi. Ma'aikaci, sau da yawa ma'aikaciya ce, sanye da rigar kariya mai nauyi da gilashin rufe fuska, tana tafe taku ɗaya-ɗaya da na'urar gano ƙarfe. Na'urar ba ta san bambancin bam da tsohuwar ƙusa ba, ƙasar da aka yi wa luguden wuta kuwa cike take da ɓarɓashin ƙarfe. Duk ƙarar da ta yi sai an durƙusa, a fara tono daga gefe da ɗan ƙaramin cebur, a riƙa share ƙasa a hankali har abin ya bayyana. Sau da yawa guntun ƙarfe ne kawai. A tashi, a ƙara taku ɗaya, a sake durƙusawa, cikin rana, gumi na zuba a cikin gilashi. In an dace da shi ba a ɗaga shi. A kewaye shi da buhunan yashi, a ajiye ɗan abin fashewa a gefensa, a ja waya zuwa nesa. Wajen la'asar a zaga da lasifika a ce kowa ya janye dabbobinsa ya shiga gida, sannan a tayar. Gobe a dawo layi na gaba. Haka ƙungiyoyi irin su MAG da HALO Trust da Norwegian People's Aid, da hukumar UXO Lao wadda aka kafa a 1996, suke ta yi shekara da shekaru, kuma akwai ma'aikatansu da suka bar hannu, ko ido, ko rai a wannan aiki.

Abu na farko da nake roƙonku ba ya cin ko sisi. Ku ba da bayanan harbinku. Kowace rundunar igwa tana rubuta inda ta tsaya, inda ta saita, irin harsashin da ta harba da adadinsa. Kowane jirgi yana da rajistar sawunsa. Wannan takarda da ke kulle a durowar ma'aikatar tsaro ita ce za ta rage wa masu shara watanni na lalube, ta kuma nuna wa ƙauye wace gona ce za a killace tun kafin a yi rashi. Kowa ya ɗaure kura ya san yadda zai kwance ta. Amma dubi yadda ake yi. Isra'ila ba ta miƙa wa dakarun Majalisar Ɗinkin Duniya cikakkun bayanan hare-haren 2006 ba sai a watan Mayun 2009, kusan shekara 3 bayan yaƙin, alhali ana ta roƙo mutane kuma na ta mutuwa. Bayanan sawun jiragen Amurka a kan Laos ba su kai hannun masu shara ba sai a shekarun 1990. Wane sirrin soja ne ya rage a cikin lambar taswirar gonar shinkafa da aka jefa wa bam shekara 20 da suka wuce? Ku haɗa da bayanin yadda kowane samfuri ke tashi, domin mai durƙusawa a gabansa yana da haƙƙin sanin abin da zai taɓa.

Wasunku za su ce ba su sa hannu a yarjejeniyar haramta makamin ba. Gaskiya ne. Yarjejeniyar da aka amince da ita a Dublin a watan Mayun 2008, aka sa mata hannu a Oslo a Disambar shekarar, ta kuma fara aiki ranar 1 ga Agustan 2010, tana da ƙasashe sama da 100, amma babu Amurka, babu Rasha, babu Sin, babu Indiya, Pakistan, Isra'ila ko Yukiren. Lituweniya ma ficewa ta yi, ficewar ta tabbata a Maris ɗin 2025. Kuma ko a cikin yarjejeniyar akwai wani abu da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Sashe na 4 ya ɗora wa ƙasar da aka gurɓata nauyin share ƙasarta cikin shekara 10, in ba ta gama ba ta nemi ƙarin wa'adi. Wadda ta yi harbin tun kafin yarjejeniyar kuwa, ƙarfafa mata gwiwa kawai aka yi ta taimaka. Wato wanda aka zubar wa shara a ƙofar gida shi aka ba wa'adi, mai zubarwa kuma aka ce in ya ga dama. Birtaniya da Holan, waɗanda suka yi amfani da makamin tare da Amurka a yaƙin Kosobo na 1999 kuma yanzu suke cikin yarjejeniyar, ya kamata su ɗauki wannan ƙarfafa gwiwa a matsayin bashi.

Ga waɗanda ke wajenta kuma, akwai wata takardar da yawancinku kuka riga kuka amince da ita: ƙa'ida ta 5 ta yarjejeniyar taƙaita wasu makaman yaƙi waɗanda ba na ƙare dangi ba, wadda aka yi a 2003 kan ragowar abubuwan fashewa bayan yaƙi. Amurka da Rasha da Sin da Yukiren duk suna ciki. Ta ce a rubuta abin da aka harba, a miƙa bayanin bayan an daina faɗa, a taimaka wajen kwashewa ko da filin ba ya hannunka. Ba sabuwar doka nake nema ba, wadda kuka sa wa hannu nake tuna muku.

Sai maganar kuɗi, kuma a nan yadda ake bayarwa ya kusa kai yawan abin da ake bayarwa muhimmanci. A Satumbar 2016 Barack Obama ya je Laos, shugaban Amurka na farko da ya taka ƙasar yana kan mulki, ya yi alƙawarin dala miliyan 90 cikin shekara 3. An yaba, kuma ya cancanci yabo, ko da yake shekara 43 ke nan bayan bam na ƙarshe. Sai ga shi a Janairun 2025 umarni guda daga Washinton na dakatar da tallafin ƙasashen waje ya sa tawagogin shara a Laos da Kambodiya da Biyetnam sun ajiye kayan aiki na wani lokaci. Wannan aiki ba ya son a kunna a kashe. Kafin mutum ya ƙware har a amince masa ya shugabanci layi, an kashe watanni ana horar da shi. In albashi ya tsaya, zai nemi wata sana'a, kuma ba lallai ya dawo ba. Turakun da aka kafa ruwa ya kwashe su, ciyawa ta rufe layin da aka fara, mutanen ƙauye su ɗauka an gama. Kuɗin kwashe bam ba sadaka ba ce da za a haɗa ta cikin kwando ɗaya da sauran kyaututtuka, a yanke ta ranar da siyasa ta juya. Ku ware shi daban, na shekara 10 ko fiye, daga kasafin ma'aikatar da ta sayi makamin tun farko.

Akwai kuma abin da masu zama a ofis ke yawan mantawa. Ana kashe kuɗi wajen buga hotuna da koya wa jama'a cewa in sun ga baƙon ƙarfe kada su taɓa, su kai rahoto. Yana da amfani, musamman ga yara. Amma yawancin manyan da bam ke tashi da su sun san haɗarin sarai. Mutum ya kai rahoto, an zo an kewaye gonarsa da jan ƙyalle, an ce ya jira layinsa, layin kuma sai baɗi ko baɗin baɗaɗa. Damina ba ta jira. Sai ya cire ƙyallen ya shiga. Wani ya cinna wa gonar wuta da fatan zafi zai tayar da su, wani ya tsince su da hannu ya tara a gindin itace, wani kuma talauci ya kai shi ga haƙo su don sayar da ƙarfen. Idan kuna son ya jira, ku ba shi abin da zai ci yana jiran, kuma a fara share gona da rijiya da hanyar makaranta kafin filin da wani kamfani ke so. Wanda kuma abin ya riga ya ritsa da shi, ƙafar roba ba sau ɗaya ake yin ta ba. Yaro mai girma sai an riƙa sauya masa ita a kai a kai har ya gama tsawo.

Kada wani ya ce aikin ya fi ƙarfin a gama. Mozambik ta sanar da kammala share ragowar waɗannan makamai a 2016, Kuroshiya da Montenegro a 2020, Bosniya a 2023. Ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar Oslo sun lalata 'ya'yan bam kusan miliyan 180 da ke ma'ajiyarsu. A Laos ɗin ma, waɗanda abin ke shafa a shekara sun ragu daga kimanin 300 a 2008 zuwa 'yan gomomi. Inda aka samu bayani da kuɗi da ba ya yankewa, ƙasa tana komawa hannun masu ita.

Siriya da Yaman da Yukiren da Miyanma suna kan layi, kuma wasunku ne za su zauna a teburin sulhunsu. A irin wannan zama akan yi ta ja-in-ja kan iyaka da musayar fursunoni da janye dakaru, maganar abin da ke kwance a gonaki kuwa a bar ta sai daga baya, wato sai mutane sun riga sun koma gida. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ku sa ta cikin takardar tsagaita wutar kanta, da ranar da kowane ɓangare zai miƙa bayanan harbinsa, da sunan hukumar da za ta karɓa, da wanda zai biya masu shara. Kwana 30 sun isa a kwafo rajistar da ke hannunku a miƙa. Masu komawa gida kuwa ba sa jiran ko kwana ɗaya, a Labanan tun safiyar da aka tsagaita wuta suka hau hanya.

Ku huta lafiya.